Frank Hornby: Akawun da ya sa yaran duniya haɗa jirgin ƙasa da hannunsu

A watan Janairun 1901, wani akawu mai shekara 37 a birnin Liverpool na ƙasar Ingila ya ranci fam biyar a hannun maigidansa. Da kuɗin ya biya rajistar wata dabara da ya ƙirƙiro a ɗakin aikinsa na gida: ƴan langa-langan ƙarfe masu huji a jere, waɗanda yaro zai ɗaure da noti ya haɗa gada ko amalanke ko taragon jirgi, ya kwance su kuma ya haɗa wani abin dabam. Sunan akawun Frank Hornby. Bai yi karatun injiniya ba, bai taɓa aiki a masana'anta ba, kuma yana da mata da ƴaƴa da yake ciyarwa da albashinsa. Kafin rasuwarsa a 1936 ya mallaki masana'antu a Ingila da Faransa, ya zama attajiri, ya shiga majalisar dokoki, ya kuma bar sunaye uku da har gobe masu sha'awar ƙananan injina ba su manta ba: Meccano, jiragen Hornby da motocin Dinky Toys.

Ɗan birnin jirage

An haifi Hornby ranar 15 ga Mayu 1863 a titin Copperas Hill, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Lime Street. Yau yawancin mutane sun san Liverpool ne ta ƙwallon ƙafa, amma a wancan zamani tashar jiragen ruwanta tana cikin mafi girma a duniya. Ta nan auduga da hatsi da nama suke shiga Ingila, ta nan kuma jirage suke tashi zuwa Amurka da gaɓar Afirka ta Yamma. Yaron da ya tashi a birnin, idonsa ba ya rabuwa da ƙugiyoyin ɗaga kaya, da gadojin ƙarfe, da hayaƙin kan jirgi.

Birnin yana da tsohon tarihi da jirgin ƙasa. A 1829 aka yi gasar kawunan jirage a Rainhill, gabas da Liverpool, inda injin nan mai suna Rocket na gidan Stephenson ya yi nasara. A watan Satumban 1830 aka buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester. Kan jirgin wancan lokaci da tururi yake tafiya. Ana hura wutar kwal, zafinta ya ratsa wata doguwar tukunya cike da ruwa, ruwan ya tafasa, tururin ya riƙa tura fistin gaba da baya a cikin silinda, sandunan ƙarfe kuma su mayar da wannan motsi ya zama juyawar ƙafafu. A bayansa yana jan taragon kwal da ruwa. Komai nasa a fili yake, mai kallo yana iya bin motsin da ido tun daga silinda har ƙafa, shi ya sa yara da manya suke tsayawa kallonsa.

Mahaifin Hornby, John Oswald Hornby, ɗan kasuwar kayan abinci ne. Frank ya bar makaranta yana da shekara 16 ya kama aikin karɓar kuɗi a wurin mahaifinsa. A watan Janairun 1887 ya auri wata malamar makaranta, Clara Walker Godefroy, suka haifi maza biyu, Roland da Douglas, da mace ɗaya, Patricia. Bayan rasuwar mahaifin kasuwancin gidan ya tsaya, sai Frank ya koma akawu a wurin David Hugh Elliott, mai shigo da nama daga ƙasashen waje. Da rana yana kan littafin lissafi. Da dare yana ɗakin aikinsa yana yanke-yanken ƙarfe, yana gwada dabaru iri-iri waɗanda yawancinsu ba su kai ko'ina ba.

Langa-langa mai huji

Wajen 1899 ya fara yi wa ƴaƴansa maza kayan wasa da fallen ƙarfe: ƴan gadoji, ƴan amalanke, da ƙugiyar ɗaga kaya irin ta bakin ruwa. Aikin yana cin lokaci, domin kowane abu sai an yanka masa nasa sassa, kuma sassan wannan ba sa shiga wancan. Duk wanda ya taɓa ganin yara suna haɗa motar kara ko ta waya ya san wannan matsala: idan yaro ya gaji da motar yana son jirgin sama, sai ya nemo sabon kara ya fara daga tushe.

Daga baya Hornby ya riƙa ba da labarin cewa mafita ta zo masa ne a cikin jirgin ƙasa, a wata tafiya ta lokacin Kirsimeti, yana tunanin yadda zai ƙera wa yaran ƙugiya. Maimakon a yanka sashe don abu guda, me zai hana a yi sassa ƴan kaɗan masu ma'auni ɗaya waɗanda za su shiga ko'ina? Sai ya yanka langa-langa masu faɗin rabin inci, tsawo dabam-dabam, ya huda su a jere, tsakanin huji da huji rabin inci cif, wato milimita 12.7.

Amfanin hujin biyu ne. Yana karɓar noti idan ana son ɗaure langa-langa biyu, yana kuma karɓar siririyar sanda idan ana son ta riƙa juyawa da ƙafa ko da faifai mai haƙora. Da wannan, gangar jikin inji da sassansa masu motsi duk suka koma kan ma'auni guda. Yaro mai sukundireba da ƙaramar sifana zai iya gina abin da ya gani a tasha, ya gane dalilin da ya sa gada take son sanda a karkace kafin ta tsaya, da yadda ƙaramin faifai mai haƙora yake juya babba a hankali amma da ƙarfi.

Shekarun da babu riba

Samun takardar mallakar dabara abu ne, sayar da ita kuma wani abu ne dabam. Hornby ba shi da jari, ba shi da injin huda ƙarfe, kuma masu kantunan kayan wasa ba su ga abin sha'awa a kwalin guntayen ƙarfe marasa fenti ba. Elliott ne ya tsaya masa. Ya shiga haɗin gwiwa da shi, ya kuma ba shi wani ɗaki kusa da ofishinsu na James Street inda ake shirya kayan a kwali, su kuwa sassan wasu maƙera ne suke yin su a kan kwangila.

Don ya samu mai shaidarsa, Hornby ya aika hotunan abubuwan da ya haɗa ga Henry Selby Hele-Shaw, farfesan injiniya a Liverpool. Farfesan ya amsa da yabo, aka kuwa yi amfani da amsar wajen talla. A 1902 kayan suka shiga kasuwa da sunan Mechanics Made Easy, ma'ana kanikanci a sauƙaƙe. Kwali ɗaya sule bakwai da sisi ne, kuɗin da ba kowane lebura zai iya fitarwa don wasan yaro ba. A ciki akwai sassa iri 16 da ƴar takarda mai nuna yadda ake haɗa abubuwa 12.

A 1903 an sayar da kwali 1,500, amma babu ko kwabon riba. Hornby ya ƙara yawan sassa, ya sa gasa mai kyautar kuɗi don yara su aiko da abin da suka ƙirƙiro. Wannan gasa ta yi masa amfani biyu: ta tallata kayan, ta kuma kawo masa sababbin zane da zai sa a littafin umarni. A 1904 aka fitar da kwalaye masu girma dabam-dabam, da littafin umarni cikin Turanci da Faransanci. Sai a 1906 aka fara ganin ƴar riba. Duk waɗannan shekaru yana nan a kujerarsa ta akawu, yana gudanar da sana'arsa bayan an tashi daga aiki.

Ajiye albashi yana da shekara 44

A 1907 ciniki ya fi ƙarfin maƙeran da suke yi masa sassa, kuma kayan da suke kawowa ba kullum suke dacewa da juna ba. Ga abin da duk darajarsa take cikin daidaiton huji, wannan babbar illa ce. Hornby ya ga dole ya ƙera kayansa da kansa. Ya ajiye aikin akawu, ya kama hayar wani wuri a Duke Street na shekara uku, aka ci bashi aka sayi injina aka ɗauki ma'aikata. Magidanci mai shekara 44 ya saki albashin da ya tabbata ya rungumi bashi, a kan abin da mutane da yawa suke kallo a matsayin wasan yara. Da kasuwar ta juya masa baya, babu inda zai koma.

A watan Satumban shekarar ya yi rajistar sabon suna, Meccano. Gajere ne, yana da sauƙin faɗa a harsuna da yawa, a kunnen Bafaranshe kuma ya yi kama da mécano, wato bakanike. A 1908 aka kafa kamfanin Meccano Limited. Elliott, wanda ya ba da rancen farko, bai shiga sabon kamfanin ba, sai ragama ta koma hannun Hornby.

Daga nan abin ya haɓaka da sauri. Cinikin shekarar 1910 ya kai fam 12,000. An tsara kwalayen hawa-hawa, daga ƙarami zuwa babba, sannan aka fito da kwalin ciko, wanda zai mayar da ƙaramin kwalin yaro ya zama na gaba da shi. Iyaye ba sa buƙatar sayen komai a rana ɗaya, kuma babu abin da ake jefarwa, domin tsohon sashe yana shiga sabo. A 1914 aka buɗe babbar masana'anta a Binns Road, wadda ta zama hedikwatar kamfanin fiye da shekara 60. Yawancin masu aikin haɗawa da shirya kaya a cikinta mata ne ƴan Liverpool.

Paris, Berlin da kotunan Amurka

Tun da wuri Hornby ya hango kasuwar ƙetare. A 1912 shi da ɗansa Roland suka kafa reshen Faransa a Paris. A farkon shekarun 1920 reshen ya samu masana'antarsa a unguwar Belleville, daga baya aka gina wata babba a Bobigny. Meccano ya shiga gidajen Faransa sosai, har kalmar ta zauna a bakin mutane: idan abu yana da sassa da yawa da ake harhaɗawa, sai a kwatanta shi da meccano.

A Jamus labarin bai yi daɗi ba. Hornby ya buɗe ofishi a Berlin, ya ƙulla hulɗa da kamfanin Märklin, wanda yake ƙera masa ƙananan injina masu wani irin na agogo. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, gwamnatin Jamus ta ƙwace reshen a matsayin dukiyar abokan gaba. Haƙƙin ya koma hannun Märklin, wanda bayan yaƙin ya ci gaba da sayar da irin kayan da sunansa. Abokin ciniki ya zama abokin gasa.

A Amurka kuwa masu kwaikwayo ne suka dame shi. Ya kai ƙarar masu wani abin wasa mai suna American Model Builder bisa zargin kwafar sassansa da littattafan umarninsa, aka yi shekaru ana shari'a, ya kashe kuɗi mai yawa kafin ya yi nasara. Amma babban abokin gasarsa a can shi ne A. C. Gilbert, wanda ya fito da Erector a 1913. Hornby ya buɗe masana'anta a garin Elizabeth na jihar New Jersey a 1922, sai dai bayan ƴan shekaru harkar Meccano ta Amurka ta faɗa hannun Gilbert ɗin.

Jirgin da ake kwancewa a sake haɗawa

Yaƙin da ya raba shi da reshen Berlin shi ne kuma ya buɗe masa wata ƙofa. Kafin 1914, ƙananan jiragen ƙasa da ake sayarwa a Birtaniya galibi daga Jamus suke zuwa, daga kamfanoni irin su Bing da Carette na birnin Nuremberg, da Märklin. Hatta Bassett-Lowke na Northampton, wanda ya yi suna wajen sayar wa manya ƙananan jirage masu tafiya da tururin gaske, a wurin Jamusawa yake yin odar da yawa daga cikin kayansa. Bayan yaƙi mutanen Birtaniya suka ƙaurace wa kayan Jamus, kantuna suka shiga neman na gida.

A 1920 Hornby ya fito da jirginsa na farko. Ƙaramin kan jirgi ne mai ƙafa huɗu, da taragon kwal, da taragon kaya, da dogo mai zagaye. Siffarsa ta jirgin tururi ce, amma babu wuta babu ruwa a cikinsa. Da mabuɗi ake yi masa wani, sifirin ɗin ciki ya riƙa warwarewa yana juya ƙafafu. Faɗin dogon inci ɗaya da kwata ne, wato milimita 32, ma'aunin da ake kira O.

Abin da ya bambanta shi da na Jamus shi ne yadda aka ƙera shi. Jiragen gwangwani na lokacin da ƴan kunnuwan ƙarfe ake maƙale su, idan an lanƙwasa sau ɗaya shi ke nan. Na Hornby da notin Meccano aka ɗaure tukunyarsa da ɗakin direba da gindinsa da taragunsa. Yaro zai iya kwance shi sashe-sashe ya shimfiɗa a tebur, ya sake haɗa shi, kuma idan wani sashe ya lalace ya sayi shi kaɗai. Hornby ya so mai jirgin ya zama bakaniken jirginsa.

Kasuwa ba ta bi shi a nan ba. Yawancin masu saye sun fi son jirgin da za a fitar daga kwali a ɗora a dogo ya tashi, kuma wanda ba a kwancewa ya fi arhar ƙerawa, ya fi kama da na gaske. Kamfanin ya fito da jirage masu arha waɗanda ba a kwancewa, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1920 aka bar tsarin noti gaba ɗaya. Mutumin da ya yi arziki da koya wa yara haɗa abu da hannunsu, sai ga shi ya fi samun kasuwar jirgi a lokacin da ya haɗa musu shi tun daga masana'anta. Hornby ɗan kasuwa ne, bai yi gardama da masu saye ba.

A 1923 gwamnatin Birtaniya ta haɗe kamfanonin jiragen ƙasa fiye da ɗari suka koma manya huɗu: LMS, LNER, Great Western da Southern. Jiragen Hornby suka ɗauki launuka da haruffan waɗannan kamfanoni, na reshen Faransa kuma suka ɗauki na Nord da PLM da État. A 1925 aka fito da jirgi mai lantarki na farko. Da wutar gida yake aiki ta hanyar ƙwan fitila mai rage ƙarfinta, abin da yake da haɗari ga yaron da ya taɓa dogo, don haka aka maye gurbinsa da masu ƙaramin ƙarfin wuta.

Maganar kamanni da jirgin gaske ta ɗauki lokaci. Akwai jirgin Hornby da aka sa wa sunan shahararren Flying Scotsman, amma manyan ƙafafunsa huɗu ne, alhali na gasken shida ne, domin dogon injin ba zai iya shan kwanar ƙaramin dogo mai zagaye ba. Yaran da suke tsayawa a tasha suna ƙirga ƙafafun jirage sun lura da haka. A 1929 kamfanin ya fito da kawunan jirage huɗu, ɗaya ga kowane kamfani, waɗanda aka kwaikwayo daga injinan gaske da kulawa sosai. Daga nan jirgin Hornby ya fara fita daga sahun abin wasa zalla yana shiga sahun ƙaramin samfuri mai bin ma'auni.

Mujalla, ƙungiya da jami'a

Hornby ya gane cewa yaron da ya sayi kwali ɗaya yana bukatar dalilin dawowa. A 1916, ana tsakiyar yaƙi, ya fara buga Meccano Magazine. Da ƴan shafuka ta fara, daga baya ta zama mujallar wata-wata mai kauri, mai bayani a kan gadoji da jiragen ruwa da na sama da tarihin injiniyoyi, tare da zanen abubuwan da za a haɗa. Akwai kuma bugu na Faransanci. A 1919 ya kafa Meccano Guild, ƙungiyar da take haɗa kulob-kulob na yara a makarantu da unguwanni a ƙasashe da yawa, a 1928 kuma aka kafa irinta ta masu jirage, Hornby Railway Company. Membobi suna samun baji, suna musayar wasiƙu, suna koyon tafiyar da ƙaramin layin dogo bisa jadawali da sigina kamar na gaske.

Talla ce, babu shakka, kuma kusan gaba ɗaya ga yara maza aka nufa da ita, duk da cewa hannun mata ne yake shirya kayan a Binns Road. Amma ilimin da take ɗauke da shi na gaske ne. A 1934 masanin lissafi Douglas Hartree da ɗalibinsa Arthur Porter na Jami'ar Manchester suka gina injin warware lissafi mai wuya, irin waɗanda suka gabaci kwamfuta, kuma yawancin sassansa na Meccano ne. Injin ya yi aiki, ya ba da amsoshin da aka iya amfani da su a bincike. Injiniyoyi da masana kimiyya da dama na ƙarni na 20 sun shaida cewa a kan langa-langan Hornby suka fara fahimtar inji.

Majalisa da ƙarshen rayuwa

Zuwa shekarun 1930 Hornby ya zama miloniya. Yana zaune a wani katafaren gida mai suna Quarry Brook a garin Maghull, arewa da Liverpool, direba yana kai shi masana'anta kullum. A zaɓen 1931 ya tsaya a jam'iyyar Conservative ya ci kujerar mazaɓar Everton, unguwar da ƙungiyar ƙwallon nan ta samo sunanta. Unguwar talakawa ce, lokacin kuma na karayar tattalin arziki da rashin aikin yi. Bai yi fice a majalisa ba, lafiyarsa ma ta fara ja baya, bai sake tsayawa a zaɓen 1935 ba.

A wannan tsakanin kamfanin ya fito da abu na uku. Don a ƙawata tashoshin wasa, an fara zuba ƴan mutane da ƴan motoci na ƙarfe daidai da girman jiragen. Motocin suka samu karɓuwa fiye da yadda aka zata, a 1934 aka ba su sunan Dinky Toys, suka zama kasuwa mai zaman kanta a Ingila da Faransa.

Frank Hornby ya rasu ranar 21 ga Satumba 1936 a wani asibiti a Liverpool, yana da shekara 73, bayan fama da ciwon zuciya da ciwon sukari. An binne shi a harabar cocin St Andrew da ke Maghull. Ɗansa Roland ya gaje shi a shugabancin kamfani.

Bayan Hornby

Mafi kyawun jiragen da suke ɗauke da sunansa bayan mutuwarsa suka fito. A 1937 aka yi samfurin Princess Elizabeth, babban kan jirgin LMS mai manyan ƙafafu shida. A 1938 aka ƙaddamar da Hornby Dublo, mai dogon da faɗinsa milimita 16.5 ne, wanda jirginsa yake kashi ɗaya cikin 76 na girman na gaske. Da wannan ma'auni mutum zai iya shimfiɗa tasha guda a kan teburin ɗakinsa, kuma shi ne ya zama mafi farin jini a Birtaniya har yau.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da ƙera kayan wasa, Binns Road ta koma aikin soja. Bayan yaƙi kamfanin ya farfaɗo, amma ya yi nawa wajen karɓar roba, alhali abokan gasa irin su Tri-ang suna sayar da jiragen roba masu arha, Lego na ƙasar Denmark kuma yana janye yaran da a da Meccano ake saya musu. A 1964 kamfanin Lines Brothers, masu Tri-ang, suka saye Meccano Limited. Su ma suka durƙushe a 1971. Sunan Hornby ya bi jirage zuwa masana'antar Margate a kudancin Ingila, Meccano kuma ya faɗa hannun Airfix. A ƙarshen Nuwamban 1979 aka rufe Binns Road. Ɗaruruwan ma'aikata, akasarinsu mata, suka mamaye masana'antar na tsawon watanni suna neman a ceci aikinsu, amma ba a sake buɗe ta ba.

Faransa ce ta riƙe Meccano bayan Ingila ta sake shi. Masana'antar Calais, wadda aka buɗe a 1959, ta ci gaba da huda langa-langa shekaru da dama. A 2013 kamfanin Spin Master na Kanada ya sayi Meccano, a 2023 kuma ya sanar da rufe masana'antar ta Calais. Jiragen Hornby suna nan a kasuwa, a Ingila ake zana su, a ƙasashen Asiya ake ƙera su.

Tunanin da Hornby ya gwada a 1920 ya bari, wato jirgin da mai shi zai haɗa da kansa, wasu ne suka ɗauke shi suka kai shi nesa. Bayan yaƙi na biyu ƙananan kamfanoni a Birtaniya suka fara sayar da sassan kan jirgi na farin ƙarfe da na tagulla, waɗanda ake gogewa a liƙa da dalma ko gam a yi musu fenti. A 1959 Kitmaster ya fito da na roba masu arha. Da Birtaniya ta sallami jiragen tururi daga manyan layukanta a watan Agustan 1968, sha'awar adana siffarsu a ƙaramin samfuri ta ƙaru. Daga 1975 kamfanin Aster na Japan ya fara sayar da kwalayen sassa na jirage masu tafiya a dogo mai faɗin milimita 45, waɗanda ake haɗawa da ƙananan notuna, a zuba musu ruwa, a kunna wuta, su tashi da tururin gaske. Masu wannan sha'awa yanzu galibi manya ne, wasu sukan yi watanni a kan kan jirgi guda, suna auna kowane sashe da zanen injin asali.

Shi kuwa ma'aunin da akawun ya zaɓa a ɗakin aikinsa bai canja ba. Kamfani ya sauya hannu sau da dama, launin sassa ya tashi daga farin ƙarfe zuwa ja da kore a 1926, zuwa shuɗi da ruwan zinariya a 1934, zuwa wasu launukan daga baya, amma tazarar huji tana nan a rabin inci. Langa-langan da aka huda a Liverpool kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana ɗauruwa da wanda aka huda a Calais shekara ɗari bayansa.